Ƙyauren Gidan Tabawa

A unguwarmu, gefen Agadas da ke kallon kori, rafin da ba ya kawo ruwa sai da damina, ba a shelar mutuwa da baki. Ƙyaure ake cirewa. In ka fito da safe ka ga ƙofar wani gida a wangale, ba ƙyaure ba asabari, sai ka koma ka sa babbar riga, don an yi rashi a gidan. Ƙyauren kuwa yana can tsakar gida bisa duwatsu, a kansa za a wanke mamacin, kuma ba a mayar da shi sai bayan sadakar uku. Ban san wanda ya fara wannan al'ada ba. Malamai ba su ce a yi ba, ba su kuma hana ba, sauran unguwanni ma sun daɗe da bari. Mu dai mun riƙe, wataƙila don ta fi sauƙi a kan mutum ya buɗe baki ya ce wane ya rasu.

Ƙyauren gidan Tabawa na goriba ne, tsagi-tsagi, an ɗaure shi da igiyar fatar raƙumi, ba ƙarfe ko ɗaya a jikinsa. Gajere ne mai faɗi, yana juyawa a kan ƙafa guda da ke zaune cikin ramin dutse, in maza biyu suka kama suka ɗaga sai ya fito. A kansa aka wanke uban mijinta da uwar mijinta, da mijin nata, da 'ya'yanta uku. Ruwan magarya ya ci tsakiyarsa har ya yi santsi. Tabawa badukiya ce, ta yi ɗinkin jakunkuna da zabirori na fata har ido ya gaza, baƙin da ke saye ma suka daina zuwa gari. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, shi ne a wanke ta a kan wannan ƙyaure. Ba ta ɓoye wa kowa ba, tana faɗar maganar yadda wata za ta ce jibi za ta Damagaram.

Ɗanta Illo shi kaɗai ya rage mata. Ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, kaɗan, ya tafi Yamai, daga can ya haura Tamanrasat, ya dawo da sana'ar da ba wanda ya san da ita a nan, wato kafa ƙofofi da tagogin roba. Ba mugun mutum ba ne, sai dai ya yarda da metir, igiyar awonsa, fiye da yadda ya kamata. Yana rataye da shi a ƙugu har masallaci, in kuna gaisawa kana ganin idonsa yana auna ƙofar da ke bayanka. Uwarsa ba ta kiransa da komai sai Mai-metir. Shi da matarsa Balki suna zaune tare da ita a gidan.

Shekarar da ta gabata ruwan kori ya ɓalle ya shigo gari, ya kwantar da zauruka da katangu, har da zauren Tabawa. A daji kuwa, inda ake son ruwan, bai sauka ba. Kafin bazara ta kai tsakiya makiyaya suka fara shigowa da ƙafa, ba raƙumi ba akuya, aka tsugunar da su bayan gari ana dama wa yaransu kunu a manyan tukwane. A cikin haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai, suka sallami masu riƙe da gari suka sa nasu. Mu dai abin da muka gani na sauyi shi ne wanda ke zuwa duba aiki yanzu yana sanye da kaki.

Aikin na wani proje ne, wato shirin agaji, da ya zo sake gina zaurukan da ruwa ya ci, kuma bai zo hannu sake ba, ya zo da ƙa'ida. Kowane zaure ƙofa ɗaya da taga ɗaya na farar roba, awo guda daga farkon layi har ƙarshensa. Za a fara kafa kadir, wato bakin da ƙofar za ta zauna ciki, a cika shi da sumunti, a bar shi kwana uku ya bushe kafin a rataya ƙofar. Tsohon itace kuwa ba ya kwana a gidan da aka gyara, wai yana ɗauke da gara. Kamyo, babbar motar kaya, zai bi ya kwashe tsofaffin ƙyamare ya kai sansanin makiyaya a yi wutar kunu da su. Illo aka ɗauka mai kafawa, kuma tunda aka haife shi bai taɓa tafiya da kai sama irin na wannan lokaci ba. Ya ce da gidansu za a fara, don unguwa ta gani ta saki jiki.

Ranar da ya kawo ƙofar ya jingina ta a tsakar gida, ya kira uwarsa.

"Inna, ki taɓa ki ji. Gara ba ta cin ta, rana ba ta fasa ta. In na kafa ta, ko ƙattai goma ba su ɗaga ta daga wurinta."

Tabawa ta shafa ta da bayan hannu, yadda take duba fatar da ba ta yarda da jimarta ba. Ta ce, "To in ba a ɗaga ta, bisa mi za a wanke ni?"

"Akwai katako a masallaci, kowa da shi yake aro."

"Ubanka ba bisa katakon aro aka wanke shi ba."

"C'est la norme, Inna, ƙa'ida ce. Ba ni na yanke ba. Mutane ne suka zauna suka auna komi, faɗi da tsawo da kauri, har iskar da za ta buge ta."

"Ni sun auna ni?"

Illo ya kau da kai. Can ya ce, "Kuma ki tuna yara ne za su sha kunu da wutarsa."

Wannan ta taɓa ta, don Tabawa ta binne yara, ta san abin da yunwa ke yi musu. Ta ce, "Su ɗauki gadona. Ya hi shi itace."

"Ƙyaure ƙa'ida ta ce, ba ta ce gado ba."

Illo ya ji kunya, ba za a ce bai ji ba, amma a wancan lokaci ba a zuwa gaban mai kaki da maganar wankan gawar wadda ba ta mutu ba. Ita kuwa Tabawa ta gaya wa duk wanda ya shigo gidan cewa ƙyauren nan ba zai bar raminsa ba tana numfashi. Unguwa duka ta ji wannan magana, kuma ta riƙe ta.

Ranar Laraba da sassafe Illo da wani ma'aikacin proje suka ɗaga ƙyauren suka shigar da shi tsakar gida. Katangar sabuwa ce, ba a jingina mata nauyi, sai suka kwantar da shi a kan duwatsun tsohon tushe. Illo ya kafa kadir, ya auna, ya sake aunawa, ya cika da sumunti. Bai manta da al'ada ba, don haka ya rataya tabarmar kaba ta rufe bakin ƙofar, sannan ya wuce ɗaya gefen gari inda ake sauke wasu tagogi. Balki tun asuba ta tafi layin hatsin rahusa, wanda in ka shiga ba ka fita sai azahar. Tabawa ta shige ɗaki don baƙin ciki, ta kwanta ta juya wa duniya baya.

Abin da Illo bai sa cikin awonsa ba shi ne awaki. Awakin unguwarmu a wannan shekara sun ci kwali, sun ci leda, sun ci wankin da aka shanya. Tabarmar kaba a wurinsu walima ce. Kafin hantsi ya ɗaga babu abin da ya rage sai igiyar da aka rataya ta da ita.

Lukumanu tela, wanda shagonsa ke fuskantar gidan, shi ya fara gani. Ya tsaya da makulli a hannu, ya ga ƙofa a wangale. Ya matsa ya leƙa ta zaure, ya hango ƙyaure kwance bisa duwatsu. Bai tambayi kowa ba, don amfanin al'adar ke nan, ba a tambaya. Ya koma gida ya sa babbar riga, ya ɗauko tabarmi ya shimfiɗa a ƙofar gidan ya zauna. Duk wanda ya ga Lukumanu da babbar riga ranar Laraba sai ya dubi ƙofar, shi ma ya juya gida.

Nan da nan layi ya cika. Maza suka zauna waje, mata suka shige tsakar gida suna kewaye ƙyauren suna kuka a hankali. Samari suka ɗauki diga da kwando suka nufi maƙabarta. Aka kira salular Illo ba ta shiga, sai aka tura mai babur. Aka kuma aika wa Mariya, wadda ke wanke gawar mata a unguwar, ƙawar Tabawa tun suna 'yan mata. Ɗakin kuwa ba wanda ya shiga, don a wurinmu ba a ɗaga labulen mamaciya kafin mai wanka ta iso.

Abin da ya faru cikin ɗakin daga bakin Mariya muka ji shi, kuma Mariya ba ta riƙe magana ko an roƙe ta. Tabawa ta ji kukan farko ta ɗauka a maƙwabta ne. Sai ta ji sunanta, ana cewa Allah ya ji ƙanta, ana yabon haƙurinta, har da matan da ta san ba su taɓa ganin haƙurin nan ba. Ta yunƙura za ta fito ta wanke su tas, ƙafarta ɗaya ma ta sauka ƙasa, sai ta ji rurin kamyo ya shigo layi ya tsaya a ƙofar gida. Ta mayar da ƙafar, ta ja zane har wuya.

Mariya ta shigo da ƙwarya da garin magarya da kafur, idonta jawur. Ta saki labule, ta durƙusa, ta kai hannu za ta yaye zanen, sai gawa ta kama mata wuyan hannu.

"Rufe bakinki," in ji Tabawa.

Mariya ta zauna daɓas. Da ta samu numfashi ta ce, "Tabawa, ke ce?"

"Da wa kika zo wankewa? Kamyon shina nan?"

"Shina nan."

"To zamna."

"Tabawa, wanga abu zunubi ne. Mutane sun tahi gina miki kushewa."

"Na ce ma wani na mutu? Kwance nike cikin ɗakina, bisa gadona. Laihi ne?"

Mariya ta girgiza kai. Ta ajiye ƙwaryar, suka yi zaune kamar masu jiran lalle ya kama, suna sauraron waje.

Mai kula da kamyon wani sarjan ne na soja, Ousmane, dogo, mutumin bakin kogi, Hausarsa ta bariki. Ya sauko ya ga taro, ya tambayi abin da ke faruwa. Lukumanu ya miƙe ya yi masa bayani cikin ladabi, cewa tsohuwar gidan ta rasu, kuma a kan ƙyauren za a wanke ta. Sarjan ya ce Allah ya ji ƙanta, amma shi an ba shi oda, tsohon itace ba ya kwana. Ya ce a yi wankan, su za su jira, in an gama su ɗauka. Ya sa ma'aikata biyu suka shiga suka tsaya a gefen ƙyauren. Mata suka ja baya suna kallonsu.

A ɗaki Mariya ta ce, "Kin ji. Sun ce su jira."

Tabawa ta ce, "Su jira. Ni ma jira nike."

Ana haka Illo ya iso a bayan babur, ba hula, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ratsa mutane bai ga kowa ba. Da zai shiga zaure ya yi tuntuɓe, ya dafa gefen kadir, hannunsa ya nutse cikin ɗanyen sumuntin da shi da kansa ya hana kowa taɓawa. Ya fito tsakar gida ya ga ƙyauren a kan duwatsu, inda ya kwantar da shi da safe, ga mutum biyu tsaye suna jiran ɗauka. Bai nufi ɗaki ba. Ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu biyu a kan ƙyauren.

Sarjan ya biyo shi ya ce, "Illo, ka yi haƙuri. In an gama za mu ɗauka."

"Wanga ba shi hita."

"Kai ne ka riƙa ce mana norme, norme."

"Ni ne. Ku kore ni daga aikin, ku kulle ni in kun so. Bisa shi aka wanke ubana da 'yan'uwana. Ta roƙe ni na hana ta, ta ce a ɗauki gadonta na hana ta. Yau da sahe na cire shi tana ji, ko leƙa ta ban yi ba." Muryarsa ta karye, ya kifa goshi a kan itacen. Babban mutum mai gemu, yana kuka gaban mata, metir na lilo a ƙugunsa.

Sarjan ya dubi Illo, ya dubi ƙyauren. Sannan ya cire hular kansa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa. Ya dubi ma'aikatansa ya ce, "Bon. Wannan gida ba tsohon itace. Mu je." Suka fita, kamyo ya tashi.

Mariya ta ce duk maganar Illo a kunnen Tabawa aka yi ta, kuma hawaye ya riƙa gangara mata har cikin kunne tana kwance ba ta share ba. Ta so ta tashi tun lokacin da muryarsa ta karye, ta kuma san in ta tashi ƙyaure ya tafi. Sai ta danne, ta bar ɗanta yana kuka. Mariya ta ce a duk abin da aka yi ranar, wannan kaɗai ne ba ta yafe mata ba.

Da rurin kamyo ya ɓace, Tabawa ta sauko, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗaga labule ta fito. Mata suka watse, wata ta haye turmi, wata ta bar takalmi. Ita kuwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba wa ya zo wa bai zo ba, ta ce, "Sannunku da zuwa. Ba yau ba ne." Sannan ta juya ga ɗanta, wanda ya ɗago kai yana kallonta baki buɗe. Ta ce, "Tashi, Mai-metir, kana ɓata wando."

Illo bai tashi ba. Ya dube ta, ya dubi ƙyauren, ya dubi hannunsa mai sumunti. Ya yi kwana biyu bai yi mata magana ba, amma kowace safiya sai ya ɗaga labulenta ya leƙa kafin ya fita.

Wasu sun yi dariya har da riƙe ciki, wasu ba su ga abin dariya ba. Akwai matan da suka baro layin hatsi da suka ji labari, suka koma suka tarar an rufe. Akwai samarin da suka fasa ƙasar da ta shekara ba ta ga ruwa ba, hannuwansu duk sun yi kanta. Kushewar dai ba ta yi asara ba, da la'asar aka kawo wani tsoho daga sansanin makiyaya aka sa shi ciki. Balki, wadda labarin bai kai gaban layi inda take ba, ta dawo da ɗan hatsinta a ka ta tarar da ƙarshen zaman makokin uwar mijinta, da uwar mijin zaune tana karɓar gaisuwa. Wanda ya fi kowa shan tsiya shi ne Lukumanu. Har yara suka riƙa ce masa kada ya dubi ƙofarsu, ya rantse ba zai ƙara sa babbar riga don ƙyaure ba sai ya ji daga bakin mai gida.

Labari irin wannan ba ya tsaya a unguwa. Kashegari sarjan ya dawo da kamyonsa, Illo kuwa ya tabbata yau zai kwana a bariki. Sarjan ya tarar da gadon Tabawa a ƙofar gida, an kwance shi an ɗaure da igiya, itacen gawo mai nauyi. Ita tana ɗaki zaune bisa sabon makwancinta, an ɗora shi a kan tubala an lulluɓe da tabarma da bargo, gajere mai faɗi. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin ya gaishe ta.

"An ce mini kin rasu, Inna."

"Ni ma haka na ji."

Ya dubi abin da take zaune a kai, ya ga igiyar fata tana leƙowa ta ƙarƙashin bargo. Tabawa ba ta ja bargon ba. Ta ce, "Ga itacenku can waje. A dama ma yara kunu, a sa ya yi kauri." Sarjan ya sosa ƙeya, ya fita ya sa aka loda gadon.

Da sumunti ya bushe Illo ya rataya ƙofarsa. A faɗi gaskiya, ƙofa ce mai kyau. Ba ta ƙara, ba ta barin iska, yashi ya daina taruwa a zaure. Ya ɗaure ta ta ciki da kusoshi masu murɗi yadda ƙa'ida ta ce, ba mai iya ɗaga ta. Sawun hannunsa kuwa yana nan a gefen kadir, kuma shi da ba ya barin ko ɗigo a aikinsa, bai shafe shi ba. Daga nan aiki ya bi layi gida gida. Kowane gida ya yi kwana uku a wangale, ba wanda ya mutu, har ido ya saba. Kafin damina ta faɗi unguwa duka ta zama farar roba, awo guda.

Ruwa ya sauka a wannan shekara, makiyayan da suka rage suka koma daji da 'yan awakin da aka raba musu. Tabawa ta yi watanni tana kwana bisa ƙyaurenta, tana cewa bayanta bai taɓa jin daɗi haka ba, ko da yake kowa na jin nishinta in za ta tashi. Bayan babbar salla da 'yan kwanaki, wata safiya Balki ta kai mata kunu ta tarar ta cika, kwance a gefen dama, hannu ƙarƙashin kunci. An wanke ta a kan ƙyauren kamar yadda ta so, kuma Mariya ce ta yi wankan, wannan karon ba wanda ya kama mata hannu. Amma kafin a kai ga nan sai da aka tara mutane.

Illo ya jera duwatsu a tsakar gida, ya ɗauko turnabis ɗinsa na kwance kusoshi ya nufi zaure. Ya daɗe yana fama, don ya kafa ƙofar da kyau, kowace kusa sai da ya yi gumi kafin ta saki. Da ya raba ta da kadir ya jingina ta daga ciki, ya fito ya zauna a ƙasa gefen ƙofar da ke wangale, ya jira unguwa ta gani.

Unguwa ta gani. Mata masu zuwa famfo suka wuce suka ce sannu da aiki. Mai burodi ya wuce a keke ya ɗaga masa hannu. Wani dattijo ya tsaya ya ce masa tasu tagar ma tana ɗan cijewa, in ya gama nan ya leƙo. Illo yana amsawa da ka, turnabis na hannunsa bai san yana riƙe da shi ba. A ciki Balki na kuka ita kaɗai, a hankali, yadda ake yi kafin mata su taru.

Da hantsi Lukumanu ya zo buɗe shago. Ya tsaya da makulli a hannu, ya dubi ƙofar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya girgiza kai ya yi murmushi, ya ɗaga murya daga tsallaken layi.

"Illo, robar taku ta fara ba da wahala ke nan? In ka shiga ka gaida Tabawa."

Ya buɗe shagonsa ya shiga, keken ɗinki ya fara ƙara.

Illo ya zauna kaɗan. Tun daga kakansa ba wanda ya taɓa faɗin wannan magana da baki a gidansu, shi ma bai san da wace kalma ake farawa ba. Ya ajiye turnabis, ya miƙe, ya tsallaka layi ya tsaya a bakin shagon har Lukumanu ya ɗaga ƙafa daga keken.

"Baba Lukumanu, Inna ta rasu."

Lukumanu ya dube shi, ya dubi ƙofar ta bayan kafaɗarsa. Ya ce a hankali, "Ka shiga ka duba?"

"Na duba."

Lukumanu ya cire zaren da ke bakinsa, ya yi salati, ya tashi neman babbar riga. Illo kuwa ya wuce gida na gaba. Farar ƙofa ce, shi ya kafa ta da hannunsa, a rufe ruf. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.